Bidar Numfashi: Daga Hazon Tawa Zuwa Bakin Tekun Kwatano

A gidanmu na unguwar Bilbis, cikin garin Tawa, Inna ba ta buƙatar kowa ya gaya mata hunturu ya kama. Ƙirjina ke fara sanar da ita. Tun kafin hazo ya rufe gari, tun kafin leɓuna su fara tsagewa, cikin dare sai ta ji wani siririn kuka kamar na jaririyar kyanwa yana fitowa daga shimfiɗata. Sai ta tashi ta kunna fitilar ƙwai, ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta, ta jingina bayana da ƙirjinta, tana shafa min haƙarƙari tana tofa min addu'a har a kira assalatu. Ina da shekara bakwai abin ya fara. Yau shekarata 46, kuma har gobe in na ji irin wannan kuka a ƙirjin wani yaro, jikina mutuwa yake yi.

Wanda bai taɓa yin huka ba, wato asma, yana zaton shigar da iska ce matsalar. Fitar da ita ta fi wuya. Hanyar ta tsuke, sai ka yi ta turo iskar da ƙarfi, kafaɗu na ɗagawa, ramin wuya na lotsawa, gumi na zuba alhali ana ɗari. Ba ka iya kwanciya, ba ka iya haɗa kalma uku a jere. Kana ji ana kiran sunanka, amsar tana bakinka, amma ɗan numfashin da za ka kashe wajen amsawa shi kaɗai ya rage maka.

Bayan ciwon kuma ga bakin mutane. Da yake sunan ya yi kama da na tarin fuka, da yawa sun ɗauka abu ɗaya ne. Wata gwaggona ta sa aka ware min ƙoƙon fura da moɗar shan ruwa, ta hana 'ya'yanta kwana tabarma ɗaya da ni. Na yafe mata, rashin sani ne. Amma ina so mai karanta wannan ya rarrabe su: tarin fuka ƙwayar cuta ke kawo shi, ana ɗaukarsa daga mutum zuwa mutum, kuma ana warkewa da magani na wata shida. Asma ba a ɗaukar ta ko da moɗa ɗaya kuke sha. Sau da yawa a jini take, kakata ta wajen uba ma ta yi fama da ita.

Iyayena sun yi iya ƙoƙarinsu. Na sha rubutu, na sha zuma da habbatus sauda, na sha saiwoyin da ban san sunansu ba. Wani mai magani ya ce a lulluɓe ni da bargo a turara min wani ganye. A daren nan Inna ta ɗauka ta rasa ni, tun daga ranar ta rantse ba mai sake kawo hayaƙi kusa da ni. Lakwal kuwa na kai aji na uku na kwalej na bari, don kowace shekara daga Disamba zuwa Fabrairu rabin kwanakin a gida nake yin su, ga ƙurar alli, ga sharar aji da ake raba mana.

An yi min aure ina da shekara 19. Daren da aka kai ni, ƙawaye sun cika ɗaki da turaren wuta kamar yadda ake yi wa kowace amarya, kafin ango ya shigo ni ina zaune ina haki. Shi da kansa ya ɗauki kaskon ya fitar tsakar gida, ya ɗage labule, ya zauna yana yi min fifita har na samu kaina. Bai taɓa goranta min wannan ciwo ba har ya bar duniya. Allah Ya ji ƙansa, Ya haskaka kabarinsa.

Kamar yawancin mazan Adar, wato yankinmu na Tawa, shi ma ɗan bida ne. Da an gama girbin gero sai ya ɗaure kaya ya nufi kurmi, yana sayar da takalma da yadi a kasuwar Misebo ta Kwatano, a ƙasar Benin, ba ya dawowa sai ruwan shuka. Wato daidai lokacin da ciwon ke tashi ba ya nan. Ni ke hura wutar itace, ni ke sharar gida, ni ke sheƙar hatsi. A lokacin ne na faɗa hannun masu tallan magani a tire. Wani ya ba ni wasu ƙananan ƙwayoyi farare, in na sha ƙirji ya saki, na yi ta sha kusan shekara guda. Fuskata ta kumbura ta yi zagaye, mutane na cewa aure ya karɓe ni. Daga baya na san irin ƙwayoyin nan ne da likitoci ke bayarwa na 'yan kwanaki kawai, in aka zarce da su suna jawo hawan jini da ciwon suga, su raunana ƙashi. Har yau 'yan mata na saye don su yi ƙiba, abin yana ci min rai.

Shekara ta biyar da aurenmu, maigida ya makara bai tafi da wuri ba, sai ya ga abin da idonsa. Aka kwashe ni cikin dare a amalanke zuwa likita. Majo, wato ma'aikacin jinyar da ke aiki a daren, ya yi min allura, da na farfaɗo ya ja maigida gefe ya ce masa: “Malam, in kana da halin fitar da matar nan daga garin nan lokacin ɗari, ka fitar da ita.” Dangi sun yi surutu, ina aka taɓa ganin mace ta bi miji bida? Surukata ce ta raba gardama. Ta ce: “Ɗiyata, tashi ki bi mijinki. Gara ki yi nisa da ranki da ki zauna kusa da mu a makabarta.”

Tafiyar ta fi kilomita 1,200. Daga Tawa zuwa Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso, Gaya, muka haye gadar kogin Kwara muka shiga Malanbil, sannan Kandi da Paraku. Na goya ƙaramar ɗiyata, babban ɗana yana kan cinyar ubansa, hancina ɗaure da gefen mayafi. Bayan mun wuce Paraku na lura da wani abu: hancina ya daina raɗaɗi. Fatar hannuna da ta yi fari fat saboda bushewa ta fara laushi, jiki na danƙo. Na kwance mayafin, na ce a raina na warke.

Ashe da sauran aiki. Ɗakin da maigida ke haya a unguwar Zongo ƙarami ne, tagarsa ɗaya, bangon ya yi baƙi da funfuna, katifar tana warin danshi, kyankyasai ko'ina. A ƙofar gida kuma titi ne, 'yan kabu-kabu masu rawayar riga da ake ce wa zemijan suna wucewa ba iyaka, suna zuba shuɗin hayaƙi na man da ake sayarwa a kwalabe bakin hanya. In na raka shi wajen kasuwar Dantokpa sai na dawo ido ja, ƙirji na kuka. Wata biyu na yi a haka ina kukan zuci: na bar uwata, na bar garinmu, ga shi ciwon ya biyo ni.

Akwai wata dattijuwa Bazabarma a gidan, mai sayar da ƙosai, ta fi shekara 30 a garin. Wata ranar Lahadi bayan azahar ta leƙo ta same ni dafe da bango. Ta ce: “Ɗiyata, ke da kika zo garin teku, kin ma taɓa ganin tekun? Ɗauko mayafinki.” Muka hau mota zuwa Fidjrossè.

Kafin in gan shi na ji shi, wani rugugi kamar hadari na tasowa daga nesa amma ba ya ƙarewa. Muka ratsa ta cikin itatuwan kwakwa, sai ga ruwa har inda ido ya tsaya. Ni da babban ruwan da na sani shi ne tafkin Babaye in ya cika da damina, sai na kama hannun tsohuwar na riƙe gam. Masunta sun yi layi suna jan igiyar taru suna waƙa, mata na jira da manyan kwanoni. Muka zauna kan rairayi nesa da inda igiyar ruwa ke bugawa, don ta gargaɗe ni tekun nan yana da ja, yana cin mutane duk shekara. Iska na buso mu daga kan ruwa ba tsayawa, mai sanyi-sanyi, mai laima, in ka lashi leɓe ka ji gishiri. Ban san lokacin da kafaɗuna suka sauka ba. Can na yi wani tari mai nauyi, kaki ya fito da sauƙi, wanda da sai na yi ta fama kafin ya motsa. Na ja numfashi ya tafi har ƙasan ciki, inda na manta iska na kaiwa. Sai hawaye. Tsohuwar ba ta ce min komai ba, ta dai ci gaba da jan carbinta.

A daren nan na kwanta bayan isha'i, ban farka ba sai da ladan ya kira salla. Maigida ya ce sau uku yana tashi ya kara kunne a bakina, don shirun ya ba shi tsoro.

Bai yi wata guda ba ya nemo mana ɗaki a can kusa da bakin ruwa, mai tagogi biyu suna kallon juna. Hayar ta fi tsada, kasuwa ta yi masa nisa, bai taɓa kawo zancen ba. Zaman bakin teku yana da nasa hali. Gishiri a kwano sai ya jiƙe ya zama ruwa, ashana ta ƙi kamawa, wanki ya kwana biyu bai bushe ba. Kilishin da aka aiko mana daga gida ya yi fure cikin mako guda. Keken ɗinkin da ya saya min sai na riƙa shafa masa mai kullum, in ba haka ba tsatsa ta cinye shi. Amma ni dai ina numfashi. Na koyi lokutan iskar kamar yadda na san lokutan salla. Wani tsohon masunci ya nuna min cewa da rana ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, iskar kan tudu ta tashi sama, ta teku ta kwararo ta maye gurbinta, shi ya sa daga azahar zuwa la'asar sakaliya ta fi ƙarfi da tsabta. Cikin dare kuma takan lafa, wani lokaci ma ta juya ta kwaso warin gari. Don haka da la'asar nake fita da yara, in yi tafiya a hankali kan jiƙaƙƙen rairayi, wadda a da ko rijiyar unguwa ba na zuwa ban tsaya hutawa ba.

A Kwatano ne kuma na fara ganin lokotoro ta ciwon huhu, wata mata 'yar ƙasar. Ta sa na hura wani bututu mai lambobi, ta rubuta min famfo, wato maganin da ake fesawa a baki a shaƙa, iri biyu. Shuɗi, Ventoline, na buɗe hanya in ƙirji ya kama. Ɗayan mai ruwan ƙasa, beclometasone, na shaƙa safe da yamma ko da lafiyata ƙalau, in kurkure baki bayan na shaƙa. Na bi wannan shekara guda. Da na ga wata da watanni ban ji ko ɗan kuka a ƙirji ba, sai na ce teku ya warkar da ni, me zan yi da kashe kuɗin miji a farmasi? Na ajiye mai ruwan ƙasan. Wannan kuskurena ne, ba wanda ya sa ni.

Cikin watan Janairu na shekara ta uku aka aiko Baba ya rasu. Na taho gida ba tare da ko famfo ɗaya ba. Tun daga Dosso rana ta zama kamar farin faranti a sama, ana kallon ta ido ba ya ƙiftawa. Kwana biyu ina karɓar gaisuwa a tsakar gida, iska na kwaso ƙura, ana dafa abincin sadaka da itace. A dare na uku na faɗi. An ce leɓuna sun yi baƙi, ba na gane kowa. Na farka a likita da robar iskar oksijin a hanci, Inna zaune a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa, ga takabar miji, ga ɗiya a bakin mutuwa. Wannan kallon da ta yi min da na buɗe ido, ba zan manta da shi ba.

Da na koma Kwatano na je wajen lokotoron na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi min faɗa ba. Ta ɗauko takarda ta zana min huhu kamar itace mai rassa an kifa shi. Ta ce: “Madam, cikin rassan nan naki kullum a kumbure yake, kamar fatar da ta ƙone, abu kaɗan ya taɓa ta sai ta tsuke. Teku bai cire kumburin ba. Ya dai daina tsokanar sa.”

Ta bi min abin dalla-dalla, na riƙe shi kamar karatun allo. Ta ce babban amfanin iskar teku shi ne abin da babu a cikinta. Iskar da ke buso Kwatano daga kudu maso yamma ta ratso dubban kilomita a kan ruwa, ba ta bi ta kan gona ko juji ko murhu ba, don haka ƙura da hayaƙi da garin furen tsirrai kaɗan ne a cikinta. Na biyu laima. Hanyoyin numfashi suna son iska mai ɗumi da danshi. A bakin teku laimar iska takan kai kashi 80 cikin 100, a ƙasarmu kuwa da hunturu takan faɗi ƙasa da kashi 15, sai busasshiyar iska mai sanyi ta busar da cikin hanyoyin, su kuma su tsuke. Na uku gishiri. In igiyar ruwa ta fashe, ƙananan ɗigo masu gishiri suna tashi cikin iska. Gishiri na jawo ruwa, sai majinar da ta daskare ta yi laushi, ƙananan gashin da ke cikin hanyoyin su samu turo ta sama. Amma ta ce kada in ɗauki wannan na ukun da girma, gishirin da ke cikin iskar kaɗan ne ƙwarai.

Ta ce Turawa sun daɗe da lura da wannan. A garin Berck da ke arewacin Faransa an buɗe babban asibitin yara a bakin teku tun 1869, ana kai masu tarin fuka na ƙashi su sha iska da rana, amma cutar ba ta ja da baya da gaske ba sai da aka samo ƙwayoyin maganinta. Wata zuwa da na yi daga baya ta ƙara min da labarin Ostareliya, inda likitoci suka lura cewa masu wata cutar gado da ke daskarar da majina a huhu suna samun sauƙi in suna wasan hawa igiyar ruwa. Aka gwada ba su tururin ruwan gishiri mai kashi 7 cikin 100, ninki biyu na gishirin teku, wanda ke da kusan gram 35 a lita, aka buga sakamakon a 2006, ya nuna yana taimaka musu. Sai ta ɗaga yatsa ta ce: “Wannan tasu cutar ce. Mai asma in ya shaƙi gishiri mai ƙarfi haka, ƙirjinsa na iya kamawa nan take. Kada ki ji wannan ki je ki haɗa a gida. Kuma kada ki ɗebi ruwan bakin gari ki sa a hanci, da ƙazanta a ciki.”

Na ga shaidar cewa ba kowa teku ke karɓa ba. Ɗan maƙwabciyarmu, yaro ɗan shekara tara, haifaffen nan bakin ruwa, ya fi ni shan wuya. Shi abin da ke tayar masa wasu ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani, masu zama cikin katifa da matashi, waɗanda danshi ke raya su, busasshiyar iska kuma ta kashe su. In aka kai shi hutu wajen kakanninsa a Kandi sai ya dawo garau. Ni ina gudun arewa, shi yana gudun kudu. Ko a Kwatano ma hazo yakan leƙo 'yan kwanaki a Disamba ko Janairu, kuma a ranakun nan ina ji a jikina.

Daga nan ban sake wasa da famfo mai ruwan ƙasa ba. Shekara 11 muka yi a can, na haifi 'ya'ya biyu, sau ɗaya tak aka kwantar da ni. Da Allah Ya yi wa maigida rasuwa, na fita takaba na kwaso yara muka dawo Tawa, don gida gida ne. Sai na mai da abin sana'a: da Disamba ta kama in bar yara wajen Inna in tafi sarin atamfa, in sauka wajen tsofaffin maƙwabta, sai ƙarshen Fabrairu in dawo da kaya. Matan unguwa na cewa na zama 'yar bida kamar maza. Haka ne, sai dai su kuɗi suke bida, ni numfashi. Da aka rufe iyakar Nijar da Benin a Yulin 2023 bayan juyin mulkin Nijar, tafiyar ta zama sai an tsallaka kogi da kwalekwale, kuɗin hanya ya ninka, jarina bai iya ɗauka ba. Hunturu biyu a jere na yi a gida.

Na ji tsoro ƙwarai, amma na fita lafiya, domin na zauna na yi tunanin abin da teku ke ba ni, na nemi wanda zan iya samu a nan. Na sayar da atamfa uku na sayi tukunyar gas, na bar itace. Ba a kunna turaren wuta ko maganin sauro mai hayaƙi a ɗakina, gidan sauro nake ɗaurawa. Ba a shara sai an yayyafa ruwa, kuma ina waje. In hazo ya sauko ina rataya jiƙaƙƙen zane a taga, ƙurar ta maƙale a jikinsa, iskar da ta shigo ta ɗan yi laushi. Da yamma in ka wanke zanen ruwan ja yake fita. Ina wanke hanci safe da dare da ruwan gishirin farmasi, mai gram 9 a lita, ba wani baƙon abu ba ne ga mai shaƙa ruwa a alwala sau biyar a yini. In zan fita kuma sai da takunkumi. Kafin annobar korona ta 2020 in na rufe hanci kallona ake yi, yanzu ba mai damuwa. Ƙyalle ba ya tare ƙura mai laushi duka, amma yana rage ta, yana kuma riƙe ɗumi da laimar numfashinka. Buzayen da ke shigowa kasuwar Lahadi da amawali a baki sun riga mu sanin wannan. Tun Nuwamba nake zuwa a duba ni, in tanadi famfo biyu, shuɗin kuma ba ya barin jakata. Na gaya wa duk 'yan gidan: in kun ga na kasa magana, ko na shaƙa shuɗin bai yi aiki ba, kada a tsaya jiƙa wani abu, a nemi mota.

Abin da ke damuna shi ne yawan masu wannan ciwo da ba su taɓa riƙe famfo ba, wasu ma tsoronsa suke yi, wai in ka fara ba ka bari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 262 ke da asma, 455,000 suka mutu, akasarinsu a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu. Teku ya yi wa talakan Adar nisa, mace nawa mijinta zai ɗauka ya kai Kwatano ko Lome? Famfo kuwa yana nan cikin gari. Wanda Allah Ya hore masa zuwa bakin ruwa lokacin ɗari, ina ba shi shawara ya je, ya nemi masauki nesa da manyan tituna, ɗaki mai shan iska wanda bangonsa bai yi funfuna ba, ya kuma tafi da maganinsa ya dawo da shi.

Babban ɗana, wanda ya yi wancan tafiya kan cinyar ubansa, ya karanta ilimin ƙasa a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Wata rana ya nuna min hoton tauraron ɗan'adam a wayarsa, wani farin abu kamar hayaƙi ya taso daga arewacin Cadi ya miƙo yamma. Ya ce: “Inna, ga mai shaƙe ki.” Wurin sunansa Bodele, gindin wani tsohon babban tafki ne da ya ƙafe, iska na matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi ta kwashi farar ƙasarsa, wani ɓangaren ma har ya haye teku ya kai kudancin nahiyar Amurka. Na daɗe ina kallon hoton. Sai ya ja yatsa ƙasa, ya nuna min shuɗin ruwan da ke gaban Kwatano, ya ce iskar da ke juyowa daga kudu maso yamma a ƙarshen bazara, wadda ke kawo mana laimar damina, daga nan take tasowa. Shekara da shekaru ina jin sauƙi in damina ta kusa, ban taɓa sanin baƙuwar da na sani ce ke zuwa har gida ba.

Yanzu jikata, ɗiyar ɗiyata, shekararta biyar, ita ma ta gado. Ranar da na fara jin kukan a ƙirjinta na shiga ɗaki na yi kuka na share hawaye, washegari na kai ta likita da kaina. Yaro ba ya iya daidaita feshi da jan numfashi, don haka aka koya mana dabarar gorar roba ta rabin lita, wadda likitocin yara suka gwada a Afirka ta Kudu suka ga tana aiki: a huda gindin gorar daidai bakin famfo, a fesa sau ɗaya a ciki, yarinya ta kama bakin gorar ta ja numfashi biyar a hankali. Ita ke ƙirgawa da yatsunta. Ba wanda ya ware mata moɗa.

A farkon watan Yunin da ya wuce, bayan wata la'asar mai zafi, ina ɗinki a rumfa sai na ji zanen da ke kan igiya ya kaɗa ta wani ɓangare daban. Na ajiye almakashi. Na san hadari in zai zo daga gabas yake tasowa, da jan bangon ƙura a gabansa, ranar sai mu shige ɗaki mu toshe ko'ina har ruwa ya sauka. Wannan ba shi ba ne. Iska ce mai laushi daga kudu maso yamma, ta taɓa min wuya da danshi. Na kira jikata na ce: “Zo nan, uwata, zo ki ji.” Ta zo ta zauna a cinyata, na juya fuskarta wajen. Na ce ta rufe baki ta ja ta hanci, a hankali, har ƙasan ciki. Ta ja, ta saki, na kara kunne a bayanta, shiru.

Ta ce: “Kaka, daga ina take zuwa?”

Na ce: “Daga teku.”

Ta ce: “Za ki kai ni?”

Na ce in Allah Ya yarda, da hanya ta yi sauƙi. Na riga na fara zubin adashi saboda tafiyar, kwasata tana faɗowa a watan Nuwamba.